Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ke Cin Moriyar Faya-fayanmu a Intanet?

Bayan Babbar Sallar bara, wani ɗan ƙanwata da ke sana'ar ɗaukar bidiyo a nan Gusau ya zo mini da wayarsa a hannu, fuskarsa babu walwala. Ya yi kwana biyu yana gyaran faifan hawan Sallah da ya ɗauko a garinmu na asali, ya ɗora shi a ɗaya daga cikin manyan shafukan bidiyo, jama'a kuma suka yi ta kallo fiye da duk abin da ya taɓa ɗorawa. Ana cikin haka sai ga saƙo da Turanci, wai wani kamfani da ke wata ƙasa mai nisa ya ce sautin da ke tashi daga minti na 3 zuwa na 5 mallakarsa ne, saboda haka duk kuɗin tallan da faifan ya jawo asusun kamfanin za su faɗa. Sautin nan kuwa tsohuwar waƙar fada ce ta wani makaɗin ƙasar Zamfara da ya daɗe da rasuwa, wadda aka saki ta lasifika a ƙofar fada lokacin da mahaya ke wucewa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wai waƙag ga ta Turawa ta. To, wa ab ba su ita?" Da muka nemi ɗaya daga cikin jikokin makaɗin, ya rantse mana cewa ba a taɓa tuntuɓar gidansu a kan wata yarjejeniya ba, kuma ko sisin kwabo bai taɓa shigowa da sunan waƙoƙin kakansu ba.

Tambayar yaron ce ta sa na koma na bi diddigin wannan rikici na haƙƙin mallaka, wanda yawancinmu ke ɗauka faɗan Turawa ne da bai shafe mu ba. Abin da na fahimta, kuma shi nake son in tsaya a kai, shi ne cewa manyan kamfanonin watsa shirye-shirye da shafukan bidiyo sun gama faɗansu tuntuni, sun sasanta, sun raba ganima a tsakaninsu. Tsarin da sulhun nasu ya haifar yana kare mai tarin lauyoyi da tarin faya-fayai, ya bar ƙaramin mai fasaha irin namu yana shan duka ta fuska biyu. A kwashi nasa babu mai tsaya masa, in kuma ya taɓa na wani, ko da bisa kuskure ne, a hukunta shi kafin a ji ta bakinsa.

An kafa YouTube a 2005, Google kuma ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Ba a yi shekara da cinikin ba, a watan Maris na 2007, kamfanin Viacom, mai tashoshin MTV da Nickelodeon, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke New York yana neman diyyar dala biliyan 1, bisa zargin cewa an ɗora guntayen shirye-shiryensa sama da 150,000 ba da izininsa ba, an kuma kalle su kusan sau biliyan 1.5. Hukumar gasar Firimiya ta Ingila, wadda matasanmu ke cika gidajen kallo saboda ita, ita ma ta shigar da tata ƙarar a wannan shekarar. Shari'ar Viacom ta ɗauki shekara bakwai. Alƙali Louis Stanton ya ba YouTube gaskiya a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta maido masa da shari'ar a 2012, ya sake ba YouTube gaskiya a 2013, daga ƙarshe a watan Maris na 2014 suka sasanta a wajen kotu ba tare da sun bayyana wa duniya sharuɗɗan sulhun ba.

Wanda ya karanta abin da aka tono a lokacin shari'ar zai ga cewa babu mai tsabtar hannu a cikinsu. Viacom ya gabatar da wasiƙun cikin gida da ke nuna cewa waɗanda suka kafa shafin sun san kayan wasu ne ke jawo musu kaso mai yawa na masu kallo. Shi kuma YouTube ya zargi Viacom da ɗaukar hayar kamfanonin talla suna ɗora masa shirye-shiryensa a ɓoye, har suna ɓata hoton da gangan don ya yi kama da na sata, sa'an nan ya dawo yana kukan an yi masa sata. Mai ƙara yana son talla kyauta kuma yana son diyya, wanda ake ƙara yana son ciniki kuma ba ya son ɗaukar alhaki.

Garkuwar da ta ceci YouTube wata doka ce da Amurka ta kafa a 1998, wadda ake kira DMCA a taƙaice. Sashe na 512 na dokar ya ce shafin da jama'a ke ɗora wa kaya ba shi da laifi a kan abin da suka ɗora, muddin bai san takamaiman faifan da aka sata ba, kuma ya gaggauta sauke shi da zarar mai shi ya aiko da takardar koke. Wato nauyin farautar ɓarawo yana kan wanda aka yi wa sata. Ni dai wannan ƙa'ida ba ta kwanta mini ba, kuma ina jin duk wanda ya san kasuwar kara zai gane dalili. A karar Talatar Mafara ko ta Shinkafi, dillalin da ya karɓi la'ada a kan saniyar sata ba ya tsira don ya ce mai ita bai aiko masa da takarda ba, domin cin la'adar ne ya ɗora masa wajibcin sanin wanda ya kawo dabbar da inda ta fito. Mu da muka ga abin da satar shanu ta jawo wa jihar nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan illar kasuwar da ba ta tambaya. Shafin bidiyo ma la'ada yake ci, tunda a tsarin YouTube mai faifai yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, shafin kuma ya riƙe sauran 45.

Adalci ne in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da ƙarfi. YouTube da kansa ya bayyana cewa ana ɗora masa bidiyo na sama da sa'o'i 500 a kowane minti ɗaya, kuma babu rundunar ma'aikata da za ta iya kallon wannan duka kafin ya fita. Da an ce kowane faifai sai an tantance shi tukuna, da ɗan ƙanwata bai samu inda zai nuna aikinsa ba, da masu shirya fina-finan Hausa da kasuwar faifan sidi ta mutu a hannunsu ba su samu mafaka ba, da kuma malamanmu masu tafsiri a Gusau da Birnin Kebbi ba su isa kunnen ɗan ƙasarmu da ke Sudan ko Makka ba. Ban yarda a rufe ƙofar ba. Abin da nake ja a kai shi ne irin mai gadin da aka ajiye a bakinta.

Mai gadin nan na'ura ce. A 2007, ana tsakiyar shari'a, YouTube ya fara wani tsari da ake kira Content ID, inda mai kaya ke miƙa kwafin waƙoƙinsa ko fina-finansa, kwamfuta ta ɗauki siffar sautinsu da hotonsu tamkar zanen yatsa, sa'an nan ta riƙa gwada duk sabon faifan da aka ɗora da abin da ke rumbunta. In ta ga kama, mai kaya yana da zaɓi uku: ya toshe faifan, ko ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin tallansa, ko ya zuba masa ido kawai. Facebook ma ya fito da irin nasa a 2016, mai suna Rights Manager. Abin lura shi ne Viacom bai nemi diyya ba a kan abin da ya faru bayan wannan tsari ya kankama a 2008, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum don wa aka ƙera na'urar. Ba kowa ake ba mabuɗinta ba. Sai wanda ya mallaki tarin kaya masu yawa da ake yawan ɗorawa, kuma masu wannan dama a duk duniya ba su wuce 'yan dubbai ba. Sauran jama'a sai dai su cike takardar koke a kan kowane faifai ɗaya bayan ɗaya, ko su bi ta hannun kamfanonin rarraba waƙoƙi, waɗanda su ma suke yankar nasu kason.

Na'urar tana gane cewa sauti biyu sun yi kama, amma ba ta san gado ba, ba ta san wanda ya tsara waƙa da wanda ya tsinci kasat a kwandon tsohon mai shago ya juye a kwamfuta ba. Wanda ya riga miƙa kwafi shi ne mai kaya a wurinta. Rahoton da YouTube ya fitar na wata shidan farko na 2021 ya nuna an yi da'awar mallaka sama da miliyan 700 ta wannan hanya, waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a cikin waɗanda aka ƙalubalanta ɗin kusan kashi 60 sun ƙare da gaskiyar wanda ya ɗora faifan. Kamfanin yana karanta ƙarancin ƙalubalen a matsayin shaidar ingancin na'urarsa. Ni kuwa ina karanta shi a matsayin shaidar tsoro da rashin sanin hanya, domin wanda ya yi da'awar shi ake fara miƙa wa ƙorafinka ya duba, yana da kwana 30, kuma in ka matsa abin ya kai ga takardar saukewa, gargaɗi uku a cikin kwana 90 sun isa a rufe tasharka da duk abin da ka tara a ciki. In kuma ka zaɓi ka mayar da martani a hukumance, dokar ta ce sai ka sa hannu cewa ka amince a yi shari'a da kai a kotun tarayya ta Amurka. Yaron da ke Tudun Wada, wanda kuɗin data ma sai ya yi lissafi, da wane ƙarfin hali zai sa wannan hannu?

Kada a ɗauka zargi ne kawai nake yi. A jihar Arizona ta Amurka an gurfanar da wasu mutum biyu da suka kafa kamfani mai suna MediaMuv, suka yi da'awar mallakar waƙoƙi sama da 50,000, galibi na mawaƙan Latin Amurka, suka kwashi kimanin dala miliyan 23 a cikin 'yan shekaru kafin asirinsu ya tonu, kuma dukansu sun amsa laifinsu. In har za a yi wa mawaƙan da ke raye haka, masu manajoji da lauyoyi, to ina ga makaɗin da ya rasu shekara 30 ko 50 da suka wuce, wanda magadansa manoma ne a Maradun ko masunta a Yawuri?

A nan ne nake ganin matsalarmu ta bambanta da ta kowa, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Makaɗan fada da na jama'a na wannan yanki, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Aliyu Ɗandawo, sun yi sana'arsu ne a wata duniya da ba a sayar da waƙa da awo. Makaɗi ya tsara waƙarsa tare da 'yan amshinsa, ya rera a gaban ubangidansa, a ba shi doki da riga da hatsi, wani lokaci har kujerar Makka, ciniki ya ƙare a nan. Yaɗuwar waƙar bayan haka riba ce gare shi, don ita ke ƙara masa suna, ita ke sa wani basarake ya aiko a kira shi. Mutumin da ya naɗi waƙar a rikoda ya ba abokinsa ya kwafa taimakon makaɗin ya yi, kuma babu wanda ya taɓa tunanin rubuta yarjejeniya a kan wane ne mai sautin, ko makaɗin, ko 'yan amshin da suka yi rabin aikin, ko gidan rediyon da ya naɗa, ko basaraken da ya biya. Haka ma malamanmu suka tashi suka tarar, ana kwafar littattafan Shehu Abdullahi na Gwandu da hannu daga tsangaya zuwa tsangaya, sharaɗin kawai shi ne kada a canza magana kuma kada a ɓoye sunan mai ita.

Abin da ya sauya shi ne yanzu kowane sauraro yana haifar da kuɗi, komai ƙanƙantarsu, kuma kuɗin suna da inda suke zuwa. Kyautar da kakanninmu suka bar wa jama'a ta zama gona mai ba da amfani duk shekara, amma ba magada ke girbi ba. Dokar Nijeriya kuwa tana tare da magadan, don tana kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, shi kuma sautin da aka naɗa shekara 50 daga fitowarsa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana nan daram har ƙarshen 2061. Haƙƙin da ba a rubuta ba, ba a tattara ba, ba a kuma wakilta wani ya nema ba, shi ne ake wa kallon kayan tsintuwa.

Laifi tudu ne, kuma ba zan taka namu in hango na Turawa kaɗai ba. Babu kasuwa a jihohin nan biyu na Zamfara da Kebbi da ba za ka samu mai turi zaune da kwamfutarsa yana cika wa mutane memori da fina-finan da bai biya ko kwabo a kansu ba. Tashoshi nawa ne na 'yan uwanmu da abin da suke ɗorawa kawai shi ne fim ɗin Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, ko shirin da wani ya sayar da filinsa ya shirya a Kano, a sauke shi daren da ya fito a sake ɗorawa da sabon suna? Har dabaru ake koya wa juna, a juya hoton, a rage masa faɗi, a ɗan ƙara wa sauti sauri don na'ura ta kasa ganewa. In an rufe irin wannan tashar sai mai ita ya fito yana cewa an yi masa hassada. Wasu kan fake da cewa ilimi da fasaha na Allah ne, babu mai mallakarsu, alhali Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. A jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙasar nan, bai kamata wannan fatawa ta zama baƙuwa ba. Wanda ke son a mutunta waƙar kakansa sai ya fara da mutunta fim ɗin maƙwabcinsa.

Wani darasin kuma daga Turai yake. Ƙungiyar GEMA, mai karɓar wa mawaƙan Jamus haƙƙinsu, ta ja daga da YouTube tun daga 2009, aka toshe ɗimbin faya-fayan waƙa a ƙasar, ba a daidaita ba sai a watan Nuwamba na 2016. A 2019 Tarayyar Turai ta kafa dokar da sashenta na 17 ya juya nauyin, ya ce shafin da ke cin riba shi zai yi iya ƙoƙarinsa ya nemi izini, ya kuma hana a sake ɗora abin da aka riga aka sauke, tare da kare mai sharhi da mai suka da mai barkwanci. Ƙasar Poland ta ƙalubalanci sashen, kotun Tarayyar ta kori ƙarar a 2022. A farkon 2024 ma kamfanin Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok har wata uku kafin su shirya. A kowane ɗayan waɗannan, wanda ya zo a dunƙule da kayansa a rubuce shi aka zauna da shi a teburi.

Mu ma ba mu rasa doka ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma daga sashe na 54 ta tanadi hanyar sauke kayan sata daga intanet, da hukunta wanda ya yi da'awar ƙarya da gangan. Ta kuma kare al'adun gargajiya daga a yi kasuwanci da su ba izini, ta ɗora kula da hakan a kan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, abin da ya shafi bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, da Uholar Zuru da Rigatar Yawuri. Babbar Kotun Tarayya, mai hurumin irin wannan shari'a, tana da zama a Gusau da Birnin Kebbi. Abin da nake nema daga hukumar shi ne ta yi amfani da girman kasuwar Nijeriya ta tilasta wa shafukan nan abu biyu: duk wanda zai yi da'awar tsohuwar waƙar gargajiya ya nuna takardar da ta haɗa shi da mai waƙar ko magadansa, kuma ɗan Nijeriya ya samu inda zai kai ƙorafi a cikin ƙasarsa, a gaban wanda ba shi ne mai da'awar ba.

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya bukatar jiran Abuja. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun riga sun share hanya da tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin masu su. Abin da ya rage shi ne masarautu da ma'aikatun al'adu na jihohin biyu da jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi su haɗa kai da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai, a juye su, a rubuta wa ya rera, su wa suka yi amshi, yaushe aka naɗa, su wane ne magada, a yi musu rajista, sa'an nan a miƙa su ga shafukan a matsayin rumbu ɗaya mai wakili ɗaya. Rumbu irin wannan ya isa girman da za a ba shi mabuɗin na'urar, kuma masu shi ne za su zaɓi su bar yaran gari su yi amfani da waƙoƙin a bidiyon hawan Sallah da na biki kyauta, su karɓi kuɗi daga mai talla da mai fim. Na san za a yi gardama a kan rabon gado, musamman tsakanin gidan makaɗi da gidajen 'yan amshinsa, amma gardama ce da alƙalanmu da dattawanmu suka saba warware irinta.

Ɗan ƙanwata dai bai ƙalubalanci da'awar ba. Na ba shi shawara ya gwada, ya ce tashar ce jarinsa, shekara huɗu yana tara mabiya, ba zai sa ta a caca ba saboda faifai ɗaya. Ya buɗe kwamfutarsa ya goge sautin daga minti na 3 zuwa na 5, da'awar ta faɗi nan take. Faifan yana nan har yanzu, kuma in ka kai wurin za ka ga dawakai suna wucewa ta ƙofar fada, mahaya suna jinjina, bakin jama'a yana motsi, ba ka jin komai har tsawon minti biyu.